Babban kanti, Babbar Kasuwa ko gwanjo: ina jikarka ta fi auki a Maradi?

Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, wato sefa dubu 42, kuma akasarin magidantan Maradi ko albashin ba su da shi, abin da kasuwa ko gona ko kabu-kabu ta kawo ranar shi ake kashewa. Duk da haka yara sai sun sa sutura, bokiti sai ya fashe, sabulu sai ya ƙare. Wuraren da mutum zai nufa da ƴan kuɗinsa kuwa sun ƙaru. Ban da Babbar Kasuwa da ƴan gwanjo da telan bakin layi, yanzu ga manyan kantuna masu fanka da fitilu, inda ake jera komai a kan kanta tun daga wandon yaro har cokali, kowane kaya da kuɗinsa a liƙe, wani lokaci har da allo a ƙofa wai an yi rangwame. Ga masu ɗora hoto a WhatsApp, ga masu cewa a daure a tsallaka Jibiya ko Katsina.

Abin da na lura da shi, wanda ya ɗauki takardar sayayyarsa dungum ya kai ta wuri guda, ko wane wuri ne, sai an ci shi a rabinta. Kowane mai sayarwa akwai kayan da yake bayarwa da sauƙi tsakani da Allah, akwai kuma wanda yake fanshewa da shi.

Babban kanti akwai alherin da ba za a hana masa ba. Mai kunya, da sabon angon da bai taɓa taya ko ludayi ba, da ma'aikacin da aka turo daga Yamai bai san kowa ba, da yaron da aka aika, duk kuɗi ɗaya za su biya da Hajiyar da ta shekara talatin tana ciniki. Ba mai duban takalminka ko babur ɗinka kafin ya yanka maka kuɗi. Kana iya ɗaga abu ka juya shi ka mayar, ba wanda zai ce ka ɓata masa lokaci. Ana ba ka takardar shaidar biya, wadda za ta yi maka rana in abin lantarki ya ƙi tashi. Sai dai a kula da lissafi, don takardar da ke liƙe da tamma take magana, bakinmu kuwa da dala ya saba. Wanda ya ga 1.500 a jikin kofi sai ya raba biyar ya san dala ɗari uku ake nufi, sannan ya iya gwada shi da abin da aka ce masa a kasuwa. Tsofaffi da yawa a nan suke rikicewa, har su ga kamar abin ya fi ƙarfinsu alhali bai kai ba.

Amma fankar nan da fitilun da injin wuta da ke ruri a bayan kanti in Nigelec ta ɗauke, da kuɗin haya, da albashin yaran da ke tsaye, da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari ga kantin da ke cikin tsarinsa, duk daga aljihun mai saye suke fitowa. To ina rangwamen ya samu wurin zama? Yawanci a kan ƴan kayayyakin da kowa ya haddace kuɗinsu, irin su sabulu da omo da silifa. Su ake ragewa a ajiye a bakin ƙofa. Da ka ga sun fi na mai teburin unguwarku sauƙi, sai ranka ya ba ka cewa komai na ciki haka yake, ka ɗauki kwando. Kwandon nan shi ne abin tsoro. Mace ta shigo sayen sabulu, ta fita da furen roba da agogon bango da faranti mai ruwan zinari. A kasuwa wahalar ciniki kanta tana taka wa mutum birki, a kanti kuwa miƙa hannu ne kawai.

Kayan da nake ganin kanti ya fi dacewa da su su ne waɗanda masana'anta ta rufe ta rubuta nauyinsu: sabulun wanki da na wanka, omo, man goge baki, man shafawa, ƙwan fitila, kofunan tangaran, sai singileti da safa da kamfai da ake ɗaurewa uku-uku ko shida-shida. Su ba sa canza hali don an canza wurin sayarwa, don haka kuɗi kaɗai za ka duba. Ko a nan sai an yi ɗan lissafi. Mu ɗauka ƙunshin omo mai giram 400 dala ɗari ne, mai kilo guda kuma dala metan da ashirin. Babban ya fi sauƙi, amma da kaɗan. In kuwa aka sa shi dala ɗari uku, to ƙananan uku sun fi shi yawa a kuɗi ɗaya, kuma hakan na faruwa fiye da yadda ake zato, don an san mutane sun yarda cewa babba kullum ya fi araha. A duba ranar lalacewa a jikin man shafawa da duk abin da za a sa wa jariri. Sau da yawa dalilin rangwamen ke nan, saura wata ɗaya ko biyu. In abin da zai ƙare cikin mako biyu ne a gidanka, ka ci riba. In kuwa katon guda za ka ɗauka ka ajiye, ka sayi asara.

Tufafin da aka ɗinko daga waje, waɗanda ke rataye reras a kanti, nan ne nake jan ƙafa. Mafi yawan masu sauƙin kuɗin daga Sin suke, wasu daga Turkiyya ko ta hanyar Dubai, kuma zarensu na roba ne ko gauraye. A ido ba su da laifi, ba sa yamutsewa, launinsu na ɗaukar hankali. Amma garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu ba wurin sa rigar roba ba ne. Yaro zai wuni cikin zufa, ƙuraje su feso masa a wuya da baya. Ɗinkin ma sau ɗaya allura ta bi, in ka ja gefe biyu sai ka hango haske ta tsakanin zaren. Lambar girman ba abin dogaro ba ce, abin da aka rubuta wa shekara takwas da ƙyar ya shiga ɗan shekara shida mai jiki. In don ranar Salla ne, yarinya ta sa doguwar riga mai ƙyalli ta je yawon barka da Salla a ɗauke ta hoto, ba laifi, an sayi farin cikinta. Wanda kuwa ke neman abin da za a sa a wanke a sake sawa har shekara, ya tuna araha ba ta ado.

Gwanjo ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma Maradi ta daɗe a cikin harkarsa. Najeriya ta haramta shigo da tsofaffin tufafi ta tashoshinta tun da daɗewa, shi ya sa diloli ke sauka Kwatano ko Lome, su hauro Nijar, wasu su tsaya nan, wasu su gangara kudu. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya da yawa sai sun zagayo ta Togo da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, kuma mai sayen riga ɗaya a Maradi shi ke biyan bambancin. Duk da haka ban ga abin da ya kama ƙafar gwanjo ba a wasu kaya: rigunan sanyi, wandon jins na yara maza, kayan jarirai na auduga, bargo, zanen gado, labule, tawul, jakar makaranta. Dalilin a fili yake. Tufar da wani ya sa a Turai ko Amurka, aka wanke ta sau da dama, aka matse ta cikin dila, ta ƙetare teku ta iso nan ba ta yage ba, ta riga ta nuna ƙarfinta. Sabuwar rigar kanti kuwa a jikin ɗanka za a fara gwada ta.

Sai dai gwanjo gwanjo ne a suna kawai, a ciki akwai hawa-hawa. Dila guda, wadda yawanci takan kai kilo 45, in aka yanke igiyarta da safe, masu zaɓen farko ne ke rufe ta, galibi ƴan sari da za su wanke su goge su rataye a shago da ninkin kuɗi. Abin da suka bari shi ne na tsakiya. Na ƙarshe shi ake zubewa a kan leda ana kiran kuɗi ɗaya, kowa ya tona. Mai son na kirki sai ya ƙulla hulɗa da mai dila, ya san ranar da yake fasawa, ya sammaka. Na taɓa tsayawa kusa da wata dattijuwa tana tonon rigunan sanyi, ta ɗaga wata ta duba hammata, ta juya wuya, ta ja zif sama da ƙasa, ta shinshina, sannan ta ce da yaron:

"Ɗana, wagga nawa?"

"Ɗari da hamsin, Inna."

"Kai dai ji tsoron Allah. Ga roba ta saki ga hannu. Sittin."

"Albarka, Inna. Yau da sahe aka hwasa ta."

Ta ajiye, ta juya kamar za ta tafi, ta yi taku uku. Ya kira ta, aka daidaita a tamanin, ta sa ya ƙara mata hular jariri gyara. Abin da ta duba shi ya kamata kowa ya duba, a ƙara da tsakanin cinyoyin wando, da gwiwa, da aljihu, da tabon da ba ya fita. Tabon ƙasa wanki na fitar da shi, na mai ko na tsatsa ko rawayan hammata kuwa ya zauna ke nan. A ɗaga zanen gado sama a kalli rana ta cikinsa, inda ya sille zai nuna kansa. Takalmin gwanjo a lanƙwasa ƙasansa, don akwai wanda ya daɗe a ajiye, a ido sabo, kwana biyu da takawa ya ruɓuje.

Kayan ciki dai ban ba kowa shawarar ya saye su a gwanjo ba, komai sauƙinsu, wannan na kanti ne ko na sabbin kaya a kasuwa. Sauran kuma kada a sa wa yaro sai an jiƙa su da ruwan zafi da omo, an shanya a rana sosai, an bi da dutsen guga, saboda warin maganin da ake fesa wa dila da kuma cutar fata. Lokacin saye ma yana da tasiri. Rigar sanyin da za a yi maka tsada da ita a Disamba, hunturu na kaɗawa kowa na nema, ita ce mai kaya zai roƙe ka ka ɗauka a Maris don ta tare masa wuri. Mai dabara a lokacin yake saya wa yara, ya ƙara girma ɗaya, ya ƙulle a jaka.

Akwai wata tsohuwar dabara ta iyaye mata da har gobe ta fi lambar da ke jikin kaya: a karyo tsinken tsintsiya daidai tsawon tafin ƙafar yaro a tafi da shi kasuwa, a zura cikin takalmi, in ya shiga ya bar wurin ɗan yatsa guda, ya yi. Wando kuma a zagaya ƙugunsa a wuyan mai shi, in bakin biyu suka haɗu zai shige shi.

Suturar manya kuwa, ta fita da ta Juma'a da ta biki, har yanzu yadi da tela ne. Babu kantin da zai sayar wa magidanci kaftani da wando daidai jikinsa a kuɗin da zai kashe in ya yanki yadi a Babbar Kasuwa ya kai wa telan unguwa, kuma mace ba ta samun riga da zane da ɗankwali a rataye yadda take so. Turmin atamfa yadi shida ne, zane uku ke nan, kuma abin da ya ragu yakan fitar da ƴar riga ga ƙaramar yarinya, ribar da kayan kanti ba su da ita. Matsalar ita ce sanin abin da kake saye. A sama akwai Holan ta kamfanin Vlisco da shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya, waɗanda ba su ne zancenmu ba a nan. A tsakiya akwai ta Kodebuwa, a ƙasa kuma atamfar Sin ce ta cika kasuwa, ita ma kashi-kashi, tun da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe. Ta Sin ɗin ba abin raini ba ce in aka sayar da ita da sunanta da kuɗinta. Cutar ita ce a liƙa mata takardar wata a karɓi kuɗin wata.

Gwajin ba wuya. A juya bayan atamfar, mai kyau launinta kusan ɗaya ne ciki da waje, ta banza bayanta fari-fari ne. A murza gefenta tsakanin yatsu, in wani gari-gari ya fito kuma wurin ya yi laushi, sitaci ne ya ba ta ƙarfin da kake ji, wanki ɗaya za ta zama tsumma. A jiƙa farin ƙyalle a goga, a ga ko tana zuba. In mai kaya ya yarda, a zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana: auduga takan ci ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba ya jin haushin wannan.

Abin da ke ɓata lissafin yadi shi ne ɗinki da lokaci. Kuɗin aiki a wuyan riga kan iya zarce kuɗin yadin kansa, don haka a yanke magana tun kafin almakashi ya taɓa shi. Kuma duk wanda ya kai ɗinki bayan azumi ya yi goma ya san abin da ya tara, ga ƙarin kuɗi, ga ɗauke wuta, ga "dawo gobe bayan la'asar" har daren Salla. Ina ganin rabin cinikin tufafin da manyan kantuna ke yi a goman ƙarshe daga hannun waɗanda tela ya yi wa alkawari ya saɓa yake fitowa. Kayan Salla a watan Sha'aban ake kai su, kayan makaranta kuma tun Satumba kafin komawar Oktoba.

Kayan gida ba hukuncinsu ɗaya ba. Roba, wato bokiti da baho da buta da kwandon wanke-wanke da kujera, mafi yawanta daga masana'antun Najeriya take, musamman Kano, kuma masu sarinta a kasuwa sun fi kanti sauƙi nesa ba kusa ba, don motar da ta sauke wa kanti ita ta sauke masu. Abin lura shi ne iri biyu ce. Akwai ta sabuwar roba, mai sheƙi, launinta tas, in ka danna ta lotsa ta dawo. Akwai ta narkakkiyar tsohuwar roba, mai duhu, da ɗige-ɗige a jiki, wani lokaci da wari. Ta biyun ta yi wa wanki da ban ruwan dabbobi, amma kada a zuba mata abinci mai zafi ko ruwan sha, kuma in ta kwana biyu a rana sai ta bushe ta tsage daga wurin mariƙi. A ɗaga bokiti ta mariƙinsa a girgiza, nan ne yake fara mutuwa.

Tukunya kuwa ban ga dalilin wuce maƙeranmu masu zubin dalma ba. Tukunyar da suka zuba tana da kauri, tana jure itace da gawayi da tuƙin tuwon gida mai mutum goma sha, in ta huje a kai a toshe, in ta mutu gaba ɗaya a mayar masu a yi musanye da ciko. A dai ƙwanƙwasa a ji ƙararta, a zuba ruwa a ga ko tana tsatsafo, kuma a dafa ruwa a zubar kafin a fara girki da ita. Jerin tukwanen nan masu murfin gilashi da baƙin shafe a ciki, da ake ɗaurewa da kintinkiri a kanti, na gas ne da ƙaramin girki. Masu arahar cikinsu ba su da kauri, muciya da cokalin ƙarfe na kankare shafen, ya bi abinci. Sun yi kyau a jeren amarya, shi ke nan.

Filas da kula da duk abin da ke aiki da wuta, a nan kanti ya dawo gaba, da sharaɗin a gwada a gabanka kuma a rubuta maka cewa za a canza in ya ƙi. Fanka ko dutsen guga ko tukunyar dafa ruwa a sa a jona a gani. A duba kan filogin ma. Gidajenmu ramin zagaye biyu gare su irin na Faransa, kayan da aka yi don kasuwar Najeriya kuwa ƙafa uku gare su masu kusurwa irin na Ingila, sai an ƙara sayen mahaɗi, kuma mahaɗin banza shi ke narkewa ya ta da gobara. Filas mai kwalba a ciki ya fi riƙe zafi a kuɗi kaɗan, amma faɗuwa ɗaya ta gama da shi, gidan da ke da ƙananan yara gara mai ƙarfe. Katifa a danna ta da gwiwa a ga saurin tasowarta, kauri ba shi ne ƙarfi ba.

Mai shiga Babbar Kasuwa babban makaminsa shi ne ya san kuɗin abu tun daga gida. A nan babban kanti ke yi wa mutum aiki kyauta: ka shiga ka zagaya, ka riƙe kuɗin da ke liƙe a jikin abin da kake so, ka fita. Wannan shi ne iyakar da ba za ka wuce ba a kasuwa. In aka kasa sallama maka ƙasa da shi, ka san inda za ka koma. Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwar ke ci, kaya sun fi yawa, amma cunkoso da ƴan sane ma sun fi yawa, kuma mai kaya bai cika saukowa ba in yana ganin baƙi daga ƙauye a bayanka. Haka lokacin kaka, amfanin gona ya shigo, bukukuwa sun yi yawa, kayan ɗaki sai su tashi. Wanda zai aurar da ɗiya bayan girbi, tun da damina ya kamata uwar ta fara tara kwanoni da kuloli ɗaya-ɗaya.

Sai maganar tsallake. Ɗan Isa na nan kusa, Jibiya na bayanta, Katsina ba ta kai kilomita ɗari ba, Kantin Kwari na Kano kuma kowa ya san nan ne uwar yadi. Tun da Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗi warwas, har a 2024 jika guda ta sefa ta haura naira dubu biyu, ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan kusan tamma 656 duk yuro ɗaya tun 1999, ba ta motsi. Wanda ya ji haka sai ya ga kamar kyauta ake rabawa a can. Amma a shekarar nan ta 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 30 cikin ɗari, cire tallafin mai ya ɗaga kuɗin mota, abin da canji ya ba ka da dama tsada ta karɓe da hagu. A ɗora kuɗin mota zuwa da dawowa, da abin da ɗan canji zai ci, da duwan, da shingayen hanya, da wunin da aka rasa. A ɗora kuma abin da ba ya lissaftuwa, matsalar ƴan bindiga a yankin Jibiya da Madarunfa, da iyakar da kan rufe ba shiri, kamar yadda aka gani daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake gani bayan Yulin 2023. Mai haɗa lefe ko kayan ɗaki gaba ɗaya, ko mata biyar da suka haɗa kuɗin adashe suka tura mutum guda ya yi masu sari, su tafiyar na iya biya. Don turmi biyu da bokiti uku kuwa, alhazan Maradi sun riga sun kawo maka su har gida, ribar da suka ɗora ba ta kai kuɗin motarka ba.

Akwai kuma kasuwar da ba ta da rumfa, wadda mata da yawa da ita kaɗai suke hulɗa. Dillaliya ta shigo har tsakar gida da ƙullinta, ta baje atamfa da mayafi da kayan yara, a zaɓa a natse, a gwada a ɗaki, a biya kaɗan-kaɗan ranar da aka ɗauki adashe. Kuɗinta ya fi na kasuwa, wani lokaci da yawa, amma tana ba da abin da kanti ba zai taɓa bayarwa ba, wato bashi da sanayya, kuma in kaya ya zuba ka san ƙofar gidanta. Matar da ba ta fita, ko wadda kuɗinta ke shigowa dala-dala daga sana'ar ƙuli-ƙuli ko fura, wannan ƙarin ba zalunci ba ne a wurinta, kuɗin jira ne. A dai tambayi kuɗin hannu da kuɗin bashi daban-daban, don a san nawa jiran ya ci. Masu sayarwa ta WhatsApp su ne dillalan zamani, sai dai hoto ba ya nuna kaurin yadi, kuma launi a waya daban yake da launi a rana. In mai kayan a cikin gari take, a ce ɗan kabu-kabu ya kawo a gani kafin a biya. Tura kuɗi ta Nita ko Amana ga wanda ba a sani ba, a wani gari, kan hoton da shi ma turo masa aka yi, wannan kasada ce.

Da za a ba ni kuɗin wata guda a ce in tufatar da gida mai yara huɗu in kuma cike giɓin kayan aiki, ga yadda zan yi. Kaso mafi tsoka yadi da tela zai tafi, na uwar gida da na maigida da kaya ɗaya-ɗaya na fita ga yara. Na yau da kullum na yaran, da na sanyi, da zanen gado, gwanjo, kuma da sassafe ranar fasa dila. Roba wurin masu sari a kasuwa, tukunya wurin maƙera. Kanti shi ne zangon ƙarshe, bayan kuɗin sun ragu, da takarda a hannu: sabulu, omo, kayan ciki, ƙwan fitila, filas in ana bukata. Gwauro ko ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke haɗa ɗaki guda, wanda abin da yake nema bai wuce bokiti da buta da kofi biyu da zanen gado ba, shi kam ya shiga kanti ya gama a sa'a ɗaya, abin da zai rage a kasuwa kuɗin adaidaita zai cinye shi.